Idan Hannu Ya Yi Rawa: Fargabar Jarrabawar Gwajin Aiki Ga 'Ya'yanmu Masu Karatun Haƙori



A wannan wata ina so mu tattauna a kan wata matsala da ba a cika kawo ta wajen hira ba, alhali kuwa tana cin 'ya'yanmu a ɓoye, musamman waɗanda Allah Ya nufa da karatun likitan haƙori da makamantansa na aikin asibiti. Matsalar ita ce fargabar jarrabawar gwajin aiki, wato jarrabawar da ba a rubuta ta da biro, da hannu ake yin ta a cikin bakin mutum, malami yana tsaye yana kallo, agogo kuma yana tafiya.

A yau, alhamdu lillahi, akwai gidaje a nan Daura, da Zango, da Baure, da Sandamu, da Mai'adua, waɗanda suka tura 'ya'yansu mata karatun aikin lafiya. Mai son zama likitar haƙori sai ta yi nisa da gida, mafi kusa ta bi hanyar Kazaure zuwa Jami'ar Bayero da ke Kano, inda ake koyon aikin a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wasu kuma har Maiduguri. Karatun shekara 6 ne idan ba a samu tangarɗa ba. Wasu kuwa suna nan kusa, a makarantun koyon aikin kiwon lafiya irin ta Daura da ta Kankiya, su ma akwai tasu jarrabawar ta gwajin aiki da ke jiransu. Saboda haka abin da zan faɗa ya shafi uwar likita, ya shafi uwar ma'aikaciyar jinya da ta ungozoma, sai dai na zaɓi masu karatun haƙori ne domin su abin ya fi ƙuntata wa, kamar yadda za mu gani.

Uwargida, kin san dai yadda muka saba da jarrabawa: yarinya ta yi karatu, ta haddace, ta shiga aji ta zauna, ta rubuta abin da ta sani. Idan ta rikice a tambaya ta farko sai ta tsallake zuwa ta biyu, idan ta yi kuskure ta soke ta sake. Babu mai ganin hannunta. To ita jarrabawar gwajin aikin haƙori ba ta da wannan rangwamen. Tun kafin a bar ɗaliba ta taɓa ɗan Adam, sai an zaunar da ita a gaban wani kan mutum-mutumi mai buɗaɗɗen baki, an jera masa haƙoran roba. Wani likitan haƙori ɗan birnin Gilasgo mai suna Oswald Fergus ne ya fito da wannan dabara a shekarar 1894, har yau kuma da ita ake koyo a duniya. A kan wannan kai ake ba ta ɗan injin fafe haƙori, wanda yake juyawa sau dubu ɗari uku ko fiye a cikin minti guda, a ce ta fafe rami mai zurfin milimita ɗaya da rabi zuwa biyu, kada ya wuce, kada ya gaza, kada kuma ta ƙwarzani haƙorin da ke maƙwabtaka da shi. Milimita biyu fa, uwargida, bai wuce kaurin tsinken ashana ba. Idan haƙorin na sama ne can ciki, ba ma za ta gan shi da idonta kai tsaye ba, sai ta cikin wani ɗan ƙaramin madubi, inda komai yake juyewa, hannu ya nufi nan ido ya ce can. Abin da injin ya cinye kuwa ya ciwu ke nan, babu soke-ka-sake.

Daga nan sai a wuce ga majiyyaci na gaske: wankin haƙori, ciko, allurar kashe zafi a can ƙuryar muƙamuƙi, cire turmin haƙori da awartaki. Kowane aiki sai malami ya duba ya sa hannu a littafinta, kuma akwai adadin da sai ta cika kafin a bar ta ta zauna jarrabawa. Sannan akwai wata jarrabawa da ɗaliban ke kira Oski, wadda Farfesa Ronald Harden na Jami'ar Dandi a ƙasar Sikotilan ya gabatar da tsarinta a 1975. A ita wannan, ana jera tashoshi ne, a kowace tasha akwai aikin da za a yi cikin 'yan mintuna, da an kaɗa ƙararrawa sai ki bar abin da ke hannunki ki wuce ta gaba, kin gama ko ba ki gama ba. A irin waɗannan karatu maki 50 cikin 100 shi ne na tsira, kuma wadda ta faɗi ɓangaren aikin asibiti, makin rubutu ba ya cetonta. Ta sake zama, in ta sake faɗuwa ta maimaita aji, in abin ya ci gaba a sallame ta.

Wadda ta taɓa halartar musabaƙar Alƙur'ani za ta fahimci wannan nan take. A makarantarmu ta Islamiyya muna ganin yarinyar da ta kiyaye izu goma kamar ruwa, kullum ita ke gyara wa 'yan ajinsu, amma ranar da ta hau kujera a gaban alƙalai, aka kaɗa mata ƙararrawa sau ɗaya, sai ka ga ta daskare, ayar da ta karanta sau ɗari ta ɓace mata ɓat. Tana sauka daga kujerar sai ayar ta dawo. Shin za mu ce ba ta yi tilawa ba? Ko mu tuna ranar da amarya ta fara ɗora tukunya a gidan miji, uwar miji tana zaune a tsakar gida, dangin miji suna leƙe. Yarinyar da ta shekara goma tana tuƙa tuwo a gidansu, ran nan sai ya yi gudaji. Ilmin yana nan, ido ne ya yi mata yawa.

Abin da ke faruwa a jiki ba boyayye ba ne ga masana. A saman kowace ƙoda Allah Ya halicci wani ɗan ƙaramin sashe da ke fitar da wani sinadari mai suna adiranalin a duk lokacin da mutum ya tsorata. Shi ne ke sa zuciya ta riƙa bugawa da sauri, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe da gumi, ciki ya murɗa, yatsu su ɗauki karkarwa. Rahama ce, domin da shi ne mace ke sungumar ɗanta ta yi tsalle idan ta ga maciji. Kaɗan daga cikinsa ma yana taimakon ɗaliba, yana wartsakar da ita. Amma idan ya yi yawa, aikin da ya fi cutarwa shi ne aiki mai laushi na 'yan yatsu, kuma shi ne ainihin aikin haƙori. Wani abin kuma, da zarar ɗaliba ta ga hannunta yana rawa, sai ta tuna malami ma ya gani, sai tsoron ya ninku, sai ta koma sa wa kowane motsi na hannunta ido maimakon ta bar shi ya yi abin da ya saba. Mai ƙunshi ta san wannan: zanen da take yi tana hira, ranar da ta ce bari in kula da kowane layi, ran nan yake karkacewa.

Na tsaya a kan wannan bayani ne saboda fassarori guda biyu da muke yi wa yaranmu a gida, waɗanda dukkansu zalunci ne. Ta farko, mu ce lalaci ne, ta je birni ta shagala. Ta biyu, wadda ta fi ciwo, mu ce raunin imani ne, wai da ta dogara ga Allah da ba ta ji tsoro ba. 'Yar uwa, ki buɗe Suratu Ɗaha ki karanta. Allah Maɗaukakin Sarki Ya ba mu labarin Annabi Musa (AS), ɗaya daga cikin manyan manzanni, cewa ya ji tsoro a ransa ranar da ya tsaya gaban taro da masu sihirin Fir'auna, kuma Ubangijinsa bai zarge shi ba, kwantar masa da hankali Ya yi. Kafin nan ma, da aka aike shi, abin da ya roƙa shi ne buɗin ƙirji, da sauƙin al'amari, da warwarewar harshe, sannan ya roƙi a ƙarfafa shi da ɗan uwansa Haruna. A lura da wannan roƙo na ƙarshe. Annabi guda ya nemi mataimaki daga cikin iyalinsa, to ina ga 'yar shekara ashirin da biyu da ke ita kaɗai a ɗakin kwanan ɗalibai?

Akwai kuma masu saurin cewa iska ce ko sammu, da an ce yarinya numfashinta ya sarƙe ko ta yanke jiki ta faɗi ana gobe jarrabawa. Ruƙiyya ta shari'a da ayoyin Allah alheri ce a kowane hali, babu mai hana ta. Amma tsananin firgici ciwo ne sananne da likitoci ke magancewa, kuma neman magani sunna ce. Abin da ba shi da gurbi ko kaɗan shi ne a kwashi kuɗi a kai wa boka ko ɗan tsibbu domin a "rufe bakin" malamin jarrabawa. An yi hasarar kuɗi, an taɓa aƙida, sannan an koya wa yarinya cewa ba hannunta ne zai yi aikin ba.

To me uwa za ta iya yi, ita da ba ta taɓa riƙe injin haƙori ba? Da yawa.

Na farko dai harshenmu. Mukan ɗauka ƙarfafa gwiwa muke yi idan muka bugo waya muka ce: "Ki tuna fa babanki gona ya sayar," ko "Duk unguwa an san likita za ki zama, kada ki ba mu kunya." Wallahi wannan dutse ne muke ɗora mata a ka, kuma da shi za ta shiga ɗakin jarrabawa. Tun tana aji biyu an fara kiranta Dakta a gidan biki, ita kuwa ta san akwai jarrabawa uku ko huɗu a gabanta da kowace za ta iya kayar da ita. Abin da take bukatar ji daga bakin mahaifiyarta shi ne cewa ko ta ci ko ta faɗi, ɗakinta yana nan, matsayinta yana nan. Kada ki ji tsoron wai hakan zai sa ta saki jiki. Wadda ta kai aji huɗu a karatun likita ba ta da matsalar sakin jiki, matsalarta ɗaure jikin ne ya yi yawa. Kuma idan ta fito daga jarrabawa, a bar tambayar "nawa za ki ci?" A tambaye ta ko ta ci abinci.

Na biyu, mu gane cewa hannu ba ya koyo da karatu, da maimaici yake koyo. Ɗaliban haƙori sukan sassaƙa siffar haƙori da kakin zuma ko da sabulu domin yatsunsu su saba. In ta zo hutu kika ga ta tasa sabulun wanki a gaba tana fiƙe shi da 'yar wuƙa, ko tana bin layi da biro tana kallon madubi, ba wasa take yi ba, kada a aike ta. Haƙoran roba da kayan aiki kuwa da kuɗi ake saye, kuma yarinya mai kunya takan yi shiru ta yi ta lallaɓa guda biyu alhali ƙawayenta sun lalata ashirin suna koyo. Ki tambaye ta, in da hali a ƙara mata. Sannan abin da ya fi rage tsoron ido shi ne sabawa da ido. Ki ba ta shawara su haɗu da ƙawayenta, ɗaya ta yi aiki, ɗaya ta tsaya mata a ka da takarda tana ɗaure fuska kamar malama, ɗaya ta riƙe agogo. Mu ma haka muke yi wa 'yan musabaƙa, mu tara musu aji guda, mu sa ƙararrawa, har ƙarar ta daina razana su.

Na uku, wani abu da iyaye da yawa ba su sani ba: ɗalibar haƙori tana bukatar majiyyata domin ta cika adadin aikinta, kuma babu abin da ke hana ta barci irin tunanin wanda ta shirya da shi ba zai zo ba ranar jarrabawa. Wasu har kuɗin mota suke biya wa majiyyaci daga kuɗin abincinsu. Idan kina da 'yan uwa a Kano, ga hanyar taimako. Wanda haƙoransa ke bukatar wanki ko ciko ya je asibitin ya ba da bakinsa, ai ƙarƙashin kulawar ƙwararren likita ake yi. Wanda kuma ya yi alkawarin zuwa ya cika, ya zo a kan lokaci.

Sai batun daren jarrabawa. Al'adar kwana karatu ana shan shayi mai kauri, ko kofi, ko lemon gwangwanin nan masu hana barci, ko cin goro, ta fi cutar da mai gwajin aiki fiye da kowa, domin sinadarin da ke cikinsu shi kansa yana kawo rawar hannu da bugun zuciya. Bincike ya tabbatar da cewa a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da hannu ya koya da rana. Ta yi sallar isha'i, ta yi shafa'i da wuturi, ta kwanta. In tana son nafila ta tashi kafin asuba ta yi raka'a biyu, ya wadatar. Da safe ta karya kumallo ko da koko da ƙosai ne, domin yunwa ma tana sa karkarwa. Nakan ji wasu suna ɗaukar azumin nafila ranar jarrabawa don neman sa'a. Niyyar mai kyau ce, amma a ganina wadda za ta riƙe allura a bakin bawan Allah ta ɗaga azumin zuwa wata rana, ko ke uwar ki yi naki a gida ki yi mata addu'a lokacin buɗa-baki.

Wata tambaya da 'yan mata ke yawan yi mini a asirce ita ce ta wadda jarrabawa ta riske ta tana fashin salla, sai ta ji kamar an rufe mata ƙofa. Ba a rufe ba. Zikiri da addu'a da salatin Annabi (SAW) duk halas ne gare ta, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya tana iya karanta Alƙur'ani da ka. Akwai addu'ar neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da kasala wadda Anas ɗan Malik (RA) ya ruwaito, tana cikin Sahihul Bukhari da ƙananan littattafan azkar da ke hannun kowa. Ki koya mata ita tun yanzu, kada sai ranar. Idan kuma ta zauna a gaban majiyyaci ta ji ƙirjinta ya cika, ta yi bisimilla, ta ja numfashi ta hanci, ta sake shi a hankali ya fi na shiga tsawo, sau uku ko huɗu. Wannan yana rage gudun zuciya, kuma bai kai rabin minti ba. Malamansu ma sun koya musu su kafa ɗan yatsa ɗaya a kan haƙorin kusa domin hannu ya samu madogara. A 2011 wasu masana a Jami'ar Shikago ta Amurka, Gerardo Ramirez da Sian Beilock, sun wallafa binciken da ya nuna ɗalibai masu fargaba da suka zauna minti 10 kafin jarrabawa suka rubuta abin da ke damunsu a takarda sun fi yin ƙoƙari. Ba kowa dabarar ke yi wa aiki ba, amma ba ta cin ko sisi.

Abin da nake so mu sa wa ido sosai shi ne ƙwaya. A tsakanin ɗaliban aikin lafiya magani ba ya wuyar samu, kuma ƙawa takan miƙa wa ƙawa da sunan taimako. Akwai maganin hawan jini mai suna furofaranolol da wasu ke sha don tsayar da rawar hannu, alhali ga mai ciwon asma yana iya toshe numfashi. Akwai su baliyam masu kashe jiki da sa gyangyaɗi, ga kama mutum. Ba mu manta da yadda ruwan kodin ya shiga ɗakunan mata ba har gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi a 2018, kuma da yawa daga "bari in samu natsuwa" suka fara. Idan fargabar ta kai yarinya ba ta barci na makonni, ba ta cin abinci, tana kuka ba dalili, tana guje wa shiga asibiti, ko kika ji ta fara cewa gara ta mutu ta huta, to an wuce maganar nasiha a waya. Ki shiga mota ki je, ki kama hannunta ku ga likita. Asibitocin koyarwa suna da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma zuwa can ba hauka ba ne.

Ga matan aure masu wannan karatu kuwa, nauyin ya koma kan maigida da abokiyar zama. Mako biyun jarrabawa ba lokacin gayyato baƙi ba ne. Uwargidan da ta karɓar wa amaryarta girki, ko ta kwana da yaranta a ɗakinta har ta gama, ta yi abin da Allah kaɗai zai biya ta, kuma gobe ita da 'ya'yanta ne za su fara cin moriyar likitar gida.

Wata za ta ce, duk wannan wahala a kan haƙori? Ai ga wanzamai nan suna cirewa tun kaka da kakanni. To mu tambayi kanmu mata nawa muka sani da suka shekara suna cusa kanumfari a ramin haƙori, kumatu a kumbure, saboda nauyin buɗe baki a gaban namiji, ko saboda maigida bai amince ba. Mu tuna da cutar zaizayar baki da ake kira noma, wadda ke farawa daga kumburin dasashi a bakin ƙananan yara masu tamowa, cikin 'yan kwanaki ta cinye kunci da leɓe. Saboda yawanta a yankinmu aka buɗe asibiti na musamman dominta a Sakkwato a 1999, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa jagorancin Nijeriya. Idan aka gano ta da wuri, maganin ƙwayoyin cuta da tsabtace baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Wa ya fi dacewa ya leƙa bakin yaron da ke goye a bayan uwarsa a ƙauyukan Baure ko Zango in ba 'yarmu ba? Kowace ɗaliba guda da tsoro ya kora gida daga aji huɗu, kujera guda ce da za ta zauna babu kowa a asibitinmu.

Kuma wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a gidan Musulmi. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus da ya rasu wajen shekarar 1013 Miladiyya, a littafinsa At-Tasrif ya zana hotunan kayan kankare dattin haƙori iri-iri, ya bayyana yadda ake ɗaure haƙori mai girgiɗi da zaren zinariya, ya kuma gargaɗi ɗalibansa a kan gaggawar cire haƙori kada a cire lafiyayye a bar mai ciwo. Malamin da ke tsaye a kan 'yarki yana ɗaure fuska, irin wannan kuskuren yake tsare wa majiyyatan da za ta gani nan gaba ita kaɗai, babu mai duba ta. Ki faɗa mata haka idan ta kawo miki ƙararsa.

In kuma Allah Ya ƙaddara ta faɗi, akwai zama na biyu, kuma yawanci tsakaninsa da na farko 'yan makonni ne. Kada a bar ta ta dawo gida ta kulle kanta a ɗaki har lokacin ya ƙure. Ta huta kwana biyu ko uku, sannan ta koma wurin malamin da ya duba aikinta, ta roƙe shi ya nuna mata daidai inda ramin ya wuce ko inda hannun ya kauce, ta sayi haƙoran roba, ta koma gaban mutum-mutuminta. Labarin faɗuwar kuma ya tsaya tsakaninki da ita da mahaifinta, ba sai an kai shi gidan suna ba.